Al'adun Aborijin a azuzuwan ƙarshe na firamare a Ostareliya

A shekarar 1971 wani malamin zane mai suna Geoffrey Bardon ya kama aiki a makarantar firamare ta Papunya, wani matsuguni da gwamnati ta kafa a hamadar tsakiyar Ostareliya, kimanin kilomita 240 arewa maso yamma da garin Alice Springs, inda aka tattara Aborijin, wato 'yan asalin nahiyar, daga ƙabilu dabam-dabam irin su Pintupi da Luritja da Warlpiri. Ya lura cewa idan an tashi tara, yara sukan tsuguna su riƙa zana da'irori da layuka a kan rairayi da yatsunsu, sai ya yi sha'awar a mayar da irin wannan zane jikin bangon makaranta. Aikin bai tsaya a hannun yara ba, domin zanen yana ɗauke da labaran da ke da masu su, kuma ba kowa ke da hurumin taɓa su ba. Dattawan garin ne suka karɓe shi, da Kaapa Tjampitjinpa a gaba, suka zana labarin tururuwar zuma, wadda ake haƙowa daga ƙasa a sha zaƙin da ta tara a cikinta. Daga wannan bango aka haifi ƙungiyar masu zane ta Papunya Tula a 1972, kuma ta hannunta ne salon zanen ɗige-ɗige ya zaga duniya. Shi kuwa bangon, an shafe shi da fenti bayan 'yan shekaru kaɗan.

Yau, idan lokacin bikin makon NAIDOC ya zo, wato makon da ake keɓewa a farkon watan Yuli don girmama tarihi da al'adun 'yan asalin ƙasar, za a tarar da yara a makarantun Sidni da Melbon da Hobart, dubban kilomitoci daga Papunya, riƙe da tsinken goge kunne mai auduga suna ɗiga fenti a kan kwali, a liƙa a bango, a ce an yi darasin al'ada. Mafi yawansu ba su san cewa salon na mutanen hamada ne ba, ba su kuma san cewa masana da dama sun nuna yawan ɗige-ɗigen ya ƙaru ne bayan da wasu dattawa suka yi ƙorafin ana tona asirin ibadarsu a kasuwa, sai masu zanen suka riƙa lulluɓe abin da bai kamata baƙo ya gani ba. Tsakanin bangon Papunya da kwalin nan na birni akwai dukan muhawarar da malamai da iyaye da shugabannin Aborijin suke yi: wane matsayi ayyukan al'ada suke da shi a cikin karatun aji, kuma me yaro ɗan aji biyar ko shida yake ɗauka ya tafi da shi.

Azuzuwan ƙarshe na firamare, inda yara ke tsakanin shekara goma zuwa goma sha biyu, suna da muhimmanci na musamman a wannan batu. A nan ne manhajar ƙasa take kawo tarihin yadda Turawan Ingila suka mamaye nahiyar bayan 1800 da abin da hakan ya jawo wa mutanen da suka tarar, sannan a aji shida ta kawo haɗewar jihohi ƙasa ɗaya a 1901 da tambayar wane ne ɗan ƙasa mai cikakken 'yanci. A nan ne kuma karatu yake sauya kama, domin yaro ya wuce matakin koyon haɗa baƙi, an fara sa ran zai karanta littafin kimiyya ko na labarin ƙasa ya fahimta da kansa, saboda haka duk wanda tushensa bai zauna ba a nan ake fara ganin ya sare. Har ila yau, malami ɗaya ne yake riƙe da aji kusan dukan yini, ba kamar sakandare ba inda kowane darasi yake da malaminsa, kuma wannan yana ba shi damar haɗa tarihi da kimiyya da zane a aiki guda idan ya ga dama kuma ya san yadda zai yi.

Sai dai kalmar "ɗalibi" a nan tana ɓoye mutum biyu ko uku. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 812,728 ne suka bayyana kansu a matsayin Aborijin ko mutanen tsibiran mashigin Torres, wato kashi 3.2 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, amma da yake yawancinsu matasa ne, rabonsu a cikin ɗalibai ya haura kashi shida. Akasin hoton da ake yawan nunawa, mafi yawansu a birane da garuruwa suke zaune, musamman a jihohin New South Wales da Queensland, kuma 'yan kaɗan ne suke ƙauyukan nesa. Akwai yaron da ya taso a Arnhem Land, can ƙuryar arewacin ƙasar, yana jin harsuna uku kafin ya ji Turanci. Akwai yarinyar unguwannin yammacin Sidni wadda aka raba kakarta da iyayenta tun tana ƙarama, ba a bar mata ko kalma ashirin ta harshen kakanninta ba. Akwai kuma sauran 'yan ajin, 'ya'yan Turawa da na baƙin da suka zo daga Indiya ko Labanon ko Sudan, waɗanda su ne mafi rinjaye, kuma dominsu ma aka sa wannan batu a manhaja. Darasin da zai amfani na farko ba lalle ya amfani ta biyu ba, kuma yawancin rikicewar da ake samu a muhawarar tana tasowa ne daga magana a kansu kamar abu ɗaya ne.

Ba za a fahimci dalilin da ya sa iyaye Aborijin da yawa suke ɗari-ɗari da makaranta ba sai an waiwayi abin da makarantar ta yi musu. A New South Wales, tun daga 1902 doka ta ba da damar a kori yaron Aborijin daga makarantar gwamnati da zarar iyayen Turawa sun yi ƙorafi, kuma ba a cire wannan izini daga littafin ƙa'idojin malamai ba sai a 1972. Daga wajen 1910 zuwa shekarun 1970 hukumomi sun riƙa ƙwace yara daga hannun iyayensu suna kai su gidajen mishan da na gwamnati, inda ake horon yaro idan an ji shi yana magana da harshensa. Rahoton binciken da aka gabatar wa majalisa a 1997 ya ƙiyasta cewa tsakanin yaro ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku abin ya shafa, kuma sai a ranar 13 ga Fabrairun 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a madadin ƙasa. Ma'anar wannan a aikace ita ce, tsohuwar da ake gayyata yau ta zo ta koya wa 'yan aji biyar waƙa da harshenta tana iya kasancewa wadda aka taɓa bugu a kan wannan harshen a cikin wani aji. Su kuwa 'ya'yan Turawa na wancan zamani, an koya musu tarihin da ya fara daga zuwan jiragen ruwan Ingila a 1788, abin da masanin al'adu W. E. H. Stanner ya kira babban shirun Ostareliya a laccarsa ta 1968. Da yawa daga cikin malaman da ke koyarwa yanzu a ƙarƙashin ragowar wannan shiru suka yi nasu karatun.

Da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, ACARA, ta zo gyara wannan, sai ta zaɓi wata hanya mai kyau a takarda amma mai wuya a aji. Ba ta mayar da tarihi da al'adun Aborijin darasi mai zaman kansa da ke da sa'o'insa a jadawali ba, ta sa shi cikin abubuwa uku da ake so su ratsa dukan darussa, tare da batun dangantaka da nahiyar Asiya da na kiyaye muhalli. Hikimar ita ce kada a killace shi a lungu guda. Illar kuwa ita ce abin da aka ce na kowa ne sau da yawa ba ya samun mai shi, kuma da yawa daga cikin misalan da manhajar ta kawo shawarwari ne da malami zai iya tsallakewa ba tare da ya saɓa wa kowa ba. Ƙa'idojin aikin malanta na ƙasa da aka fitar a 2011 sun wajabta wa kowane malami ya san dabarun koyar da yaran Aborijin, ya kuma fahimci tarihinsu da al'adunsu, amma malaman da su kansu Aborijin ne ba su wuce kimanin kashi biyu cikin ɗari ba. Sauran sukan faɗi abu ɗaya, cewa suna tsoron su yi kuskure su ɓata wa wani rai. Mai wannan tsoro yakan zaɓi ɗayan biyu, ko ya ƙyale batun gaba ɗaya, ko ya fake da abin da ya ga kowa yana yi, wato ɗige-ɗige da fentin sandar jifa da cin gasasshen naman kangaru sau ɗaya a shekara. Shi kansa makon NAIDOC yakan faɗo cikin hutun tsakiyar shekara a yawancin jihohi, sai makarantu su matso da shi ƙarshen zango, lokacin da an gama jarrabawa kuma hankalin kowa ya tafi gida. Duk wanda ya taɓa halartar ranar al'ada a makarantun kuɗi na Kano ko Kaduna, inda yara ke sa babbar riga da rawani a ɗauki hoto, kashegari a koma ana cin tarar mai magana da Hausa, ya san irin wannan tsari.

Babban kuskuren irin waɗannan ayyuka shi ne ɗaukar Aborijin a matsayin ƙabila ɗaya mai al'ada ɗaya. Kafin 1788 ana magana da harsuna fiye da 250 a nahiyar, kowanne da ƙasarsa da iyakokinta da dokokinta, kuma a yau kimanin 120 ne suka rage a bakin mutane, waɗanda yara ke tasowa da su a matsayin harshen uwa kuwa ba su fi goma sha biyu ko sha uku ba. Doguwar sarewar nan da ake kira dijeridu, wadda ake yi da reshen itacen turare da gara ta rarake cikinsa, ta mutanen arewa ce, Yolngu suna ce mata yidaki, kuma a wurare da dama ana ganin bai dace mace ta busa ta ba. Idan malami a Tasmaniya, tsibirin da ke can kudu, ya sa kowane yaro ya yi tasa da bututun kwali, abin da ya koyar ya yi kama da wanda zai gabatar da gangar dundun ta Yarabawa a matsayin kiɗan fadar Katsina don kawai duk a Nijeriya suke. Shi ya sa masu ba da shawara daga cikin Aborijin suke nanata cewa a fara da ƙasar da makarantar take kai. Kalmar "ƙasa" a bakinsu ta fi fili faɗi, domin ta haɗa ruwa da sama da dabbobi da kakanni da labaran da suka ɗaure su wuri guda, kuma mutum yakan yi maganarta kamar yadda yake maganar mahaifiyarsa. Daga nan ne aka samu al'adu biyu da ake gani a taron safe na makarantu: marabar da ba mai yin ta sai wanda yake daga masu ƙasar, da kuma jawabin girmamawa da kowa zai iya yi, har da ɗan aji shida, inda zai ambaci sunan mutanen da makarantar ke zaune a ƙasarsu. Jawabin yakan zama haddar da ake rattabawa ba tare da tunani ba, amma a hannun malamin kirki yakan zama mafarin bincike: su wane ne waɗannan mutane, ina iyakarsu, me sunan rafin bayan makaranta kafin a sa masa sunan wani gwamna.

Ana ganin bambancin sosai idan aka dubi darasin da al'adar ta shiga cikinsa har ƙashi. A ce ajin biyar ne a birnin Perth, a ƙasar mutanen Noongar. Kalandar da aka gada daga Turai ta ce yanayi huɗu ne a shekara, kowanne wata uku cif. Noongar kuwa shida suke ƙirgawa, Birak da Bunuru da Djeran da Makuru da Djilba da Kambarang, kuma ba kwanan wata ne ke shigo da su ba, alamu ne: wace bishiya ta yi fure, daga ina iska take busowa, wane tsuntsu ya fara sheƙa. Manomin da ke duban zuwan shamuwa ya san damina ta ƙarato ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malama za ta iya ba kowane yaro bishiya ɗaya a harabar makaranta ya riƙa lura da ita mako-mako, ya auna zafi da ruwan sama, ya rubuta a littafi, a ƙarshen zango a zana jadawali a kwatanta da bayanan hukumar hasashen yanayi, wadda ita ma ta wallafa irin waɗannan kalandu na 'yan asali. Sai a tambayi yara wace kalanda ce ta fi dacewa da abin da idonsu ya gani. A cikin wannan aiki an yi awo, an yi lissafi, an yi rubutu, an koyi yadda ake kafa hujja, kuma ilimin Noongar shi ne abin da ake gwadawa, ba ado ne da aka liƙa a gefen allo ba.

Haka batun taurari. Mutanen Kamilaroi da Euahlayi na arewacin New South Wales suna ganin siffar emu, tsuntsun nan mai kama da jimina, a cikin duhun da ke tsakanin taurarin farin zanen da ya ratsa sama, ba a cikin taurarin kansu ba. Yadda siffar take kwanciya da magariba yana sauyawa wata-wata, kuma a wajen Afrilu da Mayu, idan ta bayyana kamar tana gudu, lokacin saka ƙwai ya zo. Yaron da aka tambaya me ya sa siffar take juyawa dole ya isa ga zagayen duniya a kewayen rana, wanda shi ne ainihin abin da manhajar kimiyya take nema a wannan mataki. A jihar Victoria akwai Budj Bim, inda mutanen Gunditjmara suka gina magudanai da madatsai da duwatsun aman wuta don kiwon wani dogon kifi mai kama da maciji, wasu sassan sun kai shekara 6,600, kuma UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2019. A 2018 ACARA ta fitar da misalai 95 na irin wannan don darasin kimiyya kaɗai. Ba duka suke da ƙarfi ɗaya ba, kuma masu sukar da ke cewa wani lokaci ana jawo al'ada da ƙarfin tsiya a cusa ta inda ba ta da gurbi suna da gaskiyarsu. Darasin raba lamba da aka yi wa kwalliya da hoton kangaru darasin raba lamba ne kawai, kuma yara suna ganewa.

Akwai kuma tambayar wane ne zai koyar. Ilimin Aborijin yana da masu shi, wani na maza ne, wani na mata, wani sai wanda ya kai wani matsayi, kuma labarin da aka buga a littafi ba lalle ne an buga shi da izini ba. Saboda haka makarantu suke dogara da dattawan yankin, waɗanda yara ke kira da kalmomin Turanci masu ma'anar kawu da goggo ko da babu dangantakar jini, da kuma jami'an ilimi Aborijin da ake ɗauka don su zama gada tsakanin makaranta da gida. Nauyin da ke kansu ya yi yawa. Dattijuwa ɗaya a gari takan samu gayyatar makarantu goma a mako guda na Yuli, sauran watanni goma sha ɗaya ba mai nemanta, kuma an daɗe ana sa ran ta yi aikin kyauta alhali ana biyan duk wani ƙwararre da ya shigo aji. Inda abin ya yi kyau, za a tarar makaranta ta ƙulla hulɗa ta shekaru da mutanen, ana shawara da su tun lokacin tsara darasi, ba sai an gama a kira su su sa albarka ba.

Darasin tarihi ya fi kowanne nauyi. A 1838, a Myall Creek, wasu makiyaya Turawa sun kashe aƙalla mutum 28, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, kuma an rataye bakwai daga cikin makasan, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ɗan shekara goma sha ɗaya yana iya ɗaukar wannan labari idan an ba shi da natsuwa, kuma a wannan shekarun ne yara suka fi zafin kishin adalci. 'Yan siyasa sun sha jayayya a kan yawan abin da ya kamata a faɗa, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da ministan ilimi na tarayya Alan Tudge ya soki daftarin sabuwar manhaja cewa ta cika baƙanta tarihin ƙasar, kafin a amince da ita bayan gyare-gyare a 2022. A cikin aji kuwa matsalar ta fi wannan kusa. Idan yarinya ɗaya ce Aborijin a cikin yara ashirin da biyar, da an ambaci kisan ko ƙwace yara sai idanu su juyo kanta, wani lokaci ma malamin da kansa ya ce ta faɗa wa aji yadda mutanenta suke yi, kamar ita ce jakadiyar nahiya guda. Aborijin suna da wata kalma ta Turancinsu mai ma'anar kunya, wadda take nufin nauyin da mutum ke ji idan aka ware shi a gaban jama'a, ko don yabo ne. Yaron da ya sunkuyar da kai ya ƙi haɗa ido da malami yana iya kasancewa ladabi yake yi, kuma a wasu al'ummomi ba a ambatar sunan wanda ya rasu na wani lokaci, ba a kuma haɗa hanya da suruka. Bahaushen da ya san alkunyar ɗan fari da ta surukai zai gane wannan nan take, amma malamar da ta taso a Melbon tana iya rubuta shi a rahoto a matsayin taurin kai.

Duk wannan bai amsa tambayar da ta fi damun iyaye ba, wato ko ayyukan al'ada suna sa yaro ya iya karatu da lissafi. Jarrabawar ƙasa ta NAPLAN, wadda ake yi a aji uku da biyar da bakwai da tara tun 2008, ta nuna a 2023 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban Aborijin suna matakin masu bukatar ƙarin taimako, alhali a sauran ɗalibai bai kai ɗaya cikin goma ba, kuma tazarar tana ƙaruwa ne gwargwadon nisan wuri daga birni. Alkawarin da gwamnatoci suka yi a 2008 na rage wannan tazara da rabi cikin shekara goma bai cika ba. Wasu dalilan ba su da alaƙa da manhaja ko kaɗan. Ciwon kunne mai zubar da ruwa ya yi katutu a tsakanin yaran ƙauyukan nesa, kuma yaron da ba ya jin bambancin sautuka ba zai haɗa baƙi ba komai kyan darasi, shi ya sa wasu azuzuwa suke amfani da lasifika. Zaman makoki yakan ɗauke iyali makonni. Malamai kuma ba sa daɗewa a irin waɗannan wurare, kafin yaro ya saba da ɗaya an kawo wani.

Manyan jagororin Aborijin uku sun ba da amsa uku. A Yirrkala, a arewa maso gabashin Arnhem Land, inda aka fara koyarwa da harshe biyu a shekarun 1970, Mandawuy Yunupingu, wanda ya zama shugaban makarantar a 1990, ya yi aiki da dattawan Yolngu a kan abin da suka kira karatu ta hanya biyu. Sun kwatanta shi da ganma, wurin da ruwan gishiri na teku yake haɗuwa da ruwan daɗi na kogi, kowanne yana nan da ɗanɗanonsa amma kumfa tana tashi a inda suka gamu, kuma sun yi amfani da tsarin dangantakarsu na gurrutu, mai zagayowa bisa ƙa'ida daga kaka zuwa jika, wajen shigar da yara tunanin lissafi. A Cherbourg ta Queensland, Chris Sarra ya karɓi makarantar a 1998 ya tarar an saba da cewa yaran Aborijin ba za su iya ba. Ya sa taken "mai ƙarfi, mai basira", ya shigo da darasin sanin kai da dattawan gari, ya kuma ƙi karɓar uzuri daga yaro ko malami, har aka ba da rahoton cewa fashin makaranta marar dalili ya ragu da kashi 94 cikin ɗari a wata goma sha takwas. Lauya Noel Pearson na yankin Cape York da ke arewacin Queensland kuwa ya ɗauki wata hanya daga 2010 a Aurukun da Coen, sannan Hope Vale: ya raba yini kashi uku, aji da wasanni da al'ada, ya kawo tsarin koyarwa kai tsaye daga Amurka inda malami ke bin rubutaccen darasi kalma bayan kalma, bisa hujjar cewa yaron da bai iya karatu ba an cuce shi ko da ya iya rawar kakanninsa. Kowace hanya ta samu nasara a wani wuri ta yi tuntuɓe a wani, kuma gwamnatin Queensland ta karɓe ragamar makarantar Aurukun bayan wani rikici da aka yi a garin a 2016. Abin lura shi ne babu ɗaya cikin ukun da ya yarda a sayar da al'ada don a sayi karatu, ko karatu don a sayi al'ada. Saɓaninsu a kan tsari ne, ko a cakuɗa su a darasi guda ko a ba kowanne lokacinsa.

Gwamnati ce ta taɓa yin wannan cinikin. A watan Oktoban 2008, bayan fitowar sakamakon NAPLAN na farko, ministar ilimi ta Yankin Arewa Marion Scrymgour, wadda ita ma 'yar asalin tsibiran Tiwi ce, ta ba da umarnin a riƙa koyarwa da Turanci zalla a sa'o'i huɗu na farkon kowace rana. Makarantun da ke koyarwa da harshe biyu a lokacin ba su wuce goma ba, saboda haka da wuya a ce su ne suka jawo faɗuwar yankin baki ɗaya, amma su aka rusa wa tsari, aka tura harshen gida zuwa bayan azahar lokacin da zafi ya yi zafi kuma yara sun gaji. An janye dokar a 2012, sai dai malaman harshe da masu buga littattafan da suka watse ba su dawo gaba ɗaya ba. A ganina wannan ne ya fi kowane misali nuna haɗarin ɗaukar al'ada a matsayin abin da ake yi idan lokaci ya ragu, domin ga yaron Yirrkala harshensa shi ne abin da yake tunani da shi, kuma da shi zai hau zuwa Turancin.

A kudu, inda harsunan suka daɗe da yin shiru, aikin makaranta ya zama na farfaɗowa. Jihar New South Wales ta kafa dokar kare harsunan Aborijin a 2017, ta farko irinta a ƙasar, kuma a garin Parkes yara da yawa, Aborijin da waɗanda ba su ba, suna koyon harshen Wiradjuri a firamare, bisa ƙamus ɗin da dattijo Stan Grant babba ya haɗa tare da John Rudder. A Adelaide, harshen Kaurna ya rasa mai magana da shi ta ƙarshe da aka sani, Ivaritji, a 1929. Abin da aka dogara da shi wajen dawo da shi shi ne littafin nahawu da kalmomi da wasu 'yan mishan Jamusawa biyu, Teichelmann da Schürmann, suka buga a 1840, a zamanin da ake koyar da yaran Kaurna da harshensu a wata ƙaramar makaranta a bakin kogin Torrens. Tun farkon shekarun 1990 aka mayar da harshen aji a makarantar Kaurna Plains, aka ƙirƙiro sababbin kalmomi don abubuwan da babu su a 1840, kuma yanzu ɗan aji shida yana iya tsayawa a taron safe ya yi jawabin girmama masu ƙasa da Kaurna. Makarantun Adelaide da ke neman a koyar da harshen sun fi ƙwararrun masu koyar da shi yawa nesa ba kusa ba, kuma horar da mutum ɗaya har ya iya riƙe aji yakan ɗauki shekaru.